Amanar da Na Bayar Ranar Suna

Shekara uku cur na yi a benci kafin a damƙa mini ƙwallon. In na ce ƙwallo, kada ku ɗauka tamaula irin ta gida da ake bugawa da ƙafa. Ƙwallon Amurka nake nufi, mai siffar gwanda, wanda ake sa kwalkwali da sulken roba a kafaɗa a yi ta karo kamar raguna. A Manchester muke yi, a wani kulob na 'yan sa-kai: masu gyaran famfo, direbobin bas, malaman makaranta biyu, ɗan sanda ɗaya, sai ni, injiniyan ruwa ɗan Kano mai shekara talatin da ɗaya da 'ya'ya biyu. Mutanenmu a masallaci ba su taɓa gane abin da nake yi ba. Wani likita dattijo kullum in ya gan ni ina ɗingishi ranar Juma'a sai ya ce, "Malam, har yanzu kana biyan Turawa su dake ka?"

Matsayin da nake wa kwaɗayi shi ake kira kwatabak. Shi ne ke tsayawa bayan ƙattai biyar, na tsakiyarsu ya miƙo masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, cikin daƙiƙa uku ya yanke shawara: ya jefa wa wani can gaba, ko ya miƙa wa mai gudu, ko kuwa a murƙushe shi a ƙasa. Mutum goma sha ɗaya ne a fili, amma shi kaɗai ke magana. In an ci wasa a ce tim ta yi ƙoƙari. In an sha kashi, fuskarsa kaɗai kowa ke tunawa.

A shekarun nan ne gwamnati ta ɗaure bakin aljihu, komai ana ta rufewa. Wanda ke riƙe da matsayin kafin ni a ƙaramar hukuma yake aiki, aka soke sashensu gaba ɗaya, ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Ranar wata Talata bayan atisaye kocinmu ya tsayar da ni a wajen ajiye motoci. Tsohon ma'aikacin kashe gobara ne ɗan Salford, nan gefen Manchester, mutum ne da magana ke yi wa nauyi. Ya ce, "Naka ne. Kakar wasa ɗaya na ba ka. Ka kai mu wasannin fitar da gwani, in ba haka ba ga Ba'amurken can." Ba'amurken da yake nufi wani ne da ya zo digiri na biyu a jami'a, tun yana yaro yake jefa ƙwallon nan a garinsu, hannunsa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Abin da na fi shi kawai shi ne na san mutanenmu, su ma sun san ni.

Daga ranar kowa ya ɗora mini kayansa. Filayen wasa na unguwa an rufe da yawa, wanda ya rage mai kyau kulob uku ne ke neman sa, aka ce wanda ya fi taɓuka abin kirki a kakar shi zai riƙe shi ranar Lahadi. To ga wannan a wuyana. 'Yan tim da a da muke wasa da dariya suka fara kallona kamar ni zan raba musu aljanna. A mota in ina tafiya aiki nakan saurari masu sharhi na Amurka suna yanka ƙwararrun da aka ba matsayin a karon farko: wane zai iya, wane hannunsa na rawa, wane wasa huɗu kawai za a ba shi. Miliyoyin mutane ke kallon waɗancan, mu kuwa in an taru sosai mutum sittin ne da karnuka biyu, amma wallahi ji nake kamar da ni suke. Matata ce kaɗai ba ta nemi komai ba. Ta ce, "Ni dai ka dawo mini da haƙoranka cif."

Wanda na fara kira a daren da aka ba ni matsayin, tun ban fita daga wajen ajiye motocin ba, aminina ne. Layinmu ɗaya a Kano, makarantarmu ɗaya, shekara ɗaya muka samu gurbin karatu a Salford. Ɗaki ɗaya muka zauna a Withington, tukunya ɗaya, bargo in sanyi ya yi tsanani sai mu haɗa biyun. Shi ya fara ja na zuwa wannan wasa, shi a 'yan tsaro yake, masu farautar kwatabak. Da aiki ya yi masa wuya a Manchester sai ya koma Birmingham, ya kama gida a Small Heath, ya daina bugawa ya zama mai horar da 'yan tsaron wani kulob na can. Rukuninmu ɗaya da su. Da na gaya masa, kabbara ya yi har sai da na janye wayar daga kunnena. Ya ce, "Mutumina! Yau ka zama limamin arna!" Muka yi ta dariya kamar yara.

To ga inda dabarata ta shigo. A wannan wasa, kafin a miƙo ƙwallo kwatabak yakan dubi yadda abokan hamayya suka jeru, in bai gamsu ba sai ya canja shiri nan take, ya ɗaga murya ya faɗi wata kalma da mutanensa kaɗai suka san fassararta. Kowace tim da nata kalmomin, yawanci launuka ne da lambobi, kuma bayan wasa biyu uku kowa ya gane na kowa. Ni kuwa na zauna na ce, wa zai ji Hausa a filayen nan? Na zaɓi kalmomi goma sha biyu, duk na ci da sha: kilishi, fura, tuwo, miya, gyaɗa, rake, goro, da sauransu. Kowace na ɗaura mata shiri. Kilishi, zan jefa gajere ta hagu. Fura, mai gudu zai bi ta dama. Goro, ƙarya ce, kowa ya tsaya kan shirin farko. Ko Bahaushe ne ya ji, sunan abinci kawai zai ji, sai in an ba shi makullin.

Koci ya saurara, ya ce a gwada. Wata biyu na yi ina koya wa ƙattan nan cikin ruwan sama. Na tsakiyar, wanda ke miƙo mini ƙwallo, mai gyaran famfo ne, ƙato kamar firij, shi ya fi kowa ƙwazo. A motarsa ya manna takardar yana haddacewa tsakanin gidan wannan da gidan wancan. Har matata ta yi musu fura ranar wata Lahadi don su san abin da suke ihu a kai. Abin kuwa ya yi aiki, ya yi aiki fiye da zatona. Wasa shida na farko muka ci biyar. Biyu daga ciki da azumi a bakina na buga su, rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi, harshena kamar tsumma, amma ina cewa "Gyaɗa!" sai in ga mutum goma sun motsa kamar jiki ɗaya. Ban taɓa jin daɗin wani abu a ƙasar nan kamar wannan ba. Ba'amurken nan yana gefe riƙe da allon rubutu, har tausayinsa nake ji.

Ana cikin haka matar aminina ta haihu, namiji. Muka ɗunguma da iyalina zuwa Small Heath ranar suna. Gidajen can a manne suke da juna, falon gaba ba ya ɗaukar mutum goma, amma ranar mun kai talatin, takalma har bakin titi. Liman ya yi addu'a, ya raɗa sunan, ya faɗa da ƙarfi. Sunana ne. Ban sani ba, ba wanda ya gaya mini. Aminina yana tsaye jikin ƙofa yana murmushi, mutane suka juyo suna "Ga mai takwara! Ga mai takwara!" Aka miƙo mini jaririn. Ni da ake tara ƙattai a kaina ban taɓa kuka ba, ranar sai da na sunkuyar da kai.

Bayan la'asar mutane sun ragu, muka fita ɗan tsakar gidan baya, ni da shi, kowa da farantin takarda cike da naman rago. Muka taɓa hirar gida, hirar aiki, sannan ya ce, "Kai, na ga bidiyon wasanku. Ina zaune cikin Turawa sai na ji ana ihun kilishi. Na kusa faɗowa daga kujera! Wai me kake nufi da ita ne?"

Na san inda yake aiki. Na san saura mako biyar mu zo garin nan mu kara da su, kuma wanda ya ci shi zai wuce. Ba wai mantawa na yi ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Amma ku duba inda nake. Ina cikin gidan mutum, naman ragon ɗansa a hannuna, bai fi awa shida da sa wa ɗan nan sunana ba. Da wane baki zan ce masa, "Wannan sirri ne"? A wajenmu in ka ce wa amininka haka, ai ka ce masa ɓarawo ke nan. Baturen tim ɗinmu ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ne ya tambaya, dariya zai yi ya ce ya je ya sha iska, su ci gaba da cin namansu. Ni ban iya ba. Kuma in faɗi gaskiya duka, akwai son a yaba mini. Wata da watanni ina ɗauke da abin alfahari, ba wanda zai gane daɗinsa sai shi.

Na juya farantin takardar, na ari biro, na zana masa. Duka goma sha biyun. Har goro na gaya masa, wadda ita ce ƙaryar. Yana ta dariya yana buga cinya yana cewa, "Shege! Wallahi kai shege ne!" Da na gama na ce, "Amana ce fa." Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce, "Haba. Ni ne fa." Na ji kunyar ma da na faɗa. Farantin kuwa ban ko kula da inda ya shiga ba.

Ranar wasan muka taso daga Manchester da sassafe. 'Yan tim suna cikin bas, ni na biyo su a motata don na sauke matata da yara a gidan aminina, mata su yi yininsu. Shi ya riga ya fita. A fili na hango shi can ɗaya gefen, cikin rigar kulob ɗinsu, ya ɗago mini hannu na ɗaga masa.

Karon farko da na canja shiri, na dubi jerinsu na ga hagu a buɗe, na ce, "Kilishi! Kilishi!" Sai na ji wani jibgegen Bature a cikin 'yan tsaronsu, da harshen Birmingham ɗin nan mai ja, ya amsa: "Kilishi!" Mutum uku suka zame hagu lokaci guda. Ƙwallo ya riga ya bar hannuna. Ɗayansu ya cafke shi kamar shi na jefa wa, ya ruga har ƙarshen fili ya ci maki.

Na ce ƙila dace ne. Mutum yakan ce wa kansa haka. Muka dawo, na ce "Fura!" Suka ce "Fura!" suka tare dama, aka kayar da mai gudunmu tun bai yi taku biyu ba. Na ce bari in gwada su, na ce "Goro!" Ko gezau ba su yi ba, wani ma dariya ya yi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda suke furta kalmomin daidai. Ni na san wahalar da na sha kafin Bature ya iya cewa gyaɗa. Wannan ba aikin kwana ɗaya ba ne. Zama aka yi da su, mako bayan mako, ana gyara musu baki.

Na waiga gefen fili. Yana tsaye ya harɗe hannuwa, idonsa a kan 'yan wasansa, ko sau ɗaya bai kalli inda nake ba.

Da aka tafi hutun rabin lokaci koci ya ce a watsar da kalmomin a koma lambobi. Amma wata huɗu ba mu taɓa lambobin ba, rabin mutanena sun manta, wannan ya yi gabas wancan ya yi yamma. Aka yi ta kayar da ni. Sau bakwai na ƙirga, kuma kusan duk ta ƙasa suke zuwa, su daki gwiwata ta hagu. A na bakwai ban iya tashi ba sai da aka kama ni. Koci ya juya ya yafito Ba'amurken. Ya shiga ya ci mana maki sau biyu a minti goma na ƙarshe, wanda bai hana mu shan kashi ba, amma kowa ya gani.

Da so samu ne daga filin in kama hanyar Manchester. Amma iyalina suna Small Heath. Na ja ƙafa na je. Matarsa ta buɗe ƙofa da fara'arta, ba ta san komai ba, ta ce, "Sannu da zuwa, baban takwara. Subhanallahi, me ya sami ƙafar?" An shimfiɗa ledar abinci a falo, tuwon shinkafa da miyar taushe. Can sai ga shi ya shigo, ya yi wanka ya sa jallabiya. Ya ce, "Mutumina, yau kun sha wuya."

Na ce, "Fito waje."

A tsakar gidan nan dai muka tsaya. Na ce, "Amana na ce maka."

Ya ce, "Haba, don Allah. Wasa ne fa. Kai yanzu a kan wasa za ka ɗaure mini fuska a gidana?"

Na ce, "In wasa ne me ya sa ka zauna kana koya musu?"

Sai ya sauke murya. Ya ce shugaban masu horarwarsu ne ya kalli bidiyonmu, ya juyo ya tambaye shi ko wannan yarensu ne. Ya ce shi kaɗai ne baƙar fata kuma Musulmi a cikin masu horarwar, shekara biyu yana jin ana auna shi. In ya ce bai sani ba, daga baya a gane garinmu ɗaya, za a ce ya sayar da su don ɗan'uwansa. Na saurare shi har ya gama, don na san wannan awon, ni ma ana yi mini. Sannan na ce, "Sai ka ce musu sunayen abinci ne. Gaskiya ce, ba ka yi ƙarya ba. Kilishi nama ne, fura abin sha ce, shi ke nan. Wa ya san na ba ka makullin in ba kai ba?"

Ya juya ya kalli katangar maƙwabta. Sai ya ce, "Ai ba ka sa na rantse ba."

Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Shekara ashirin da wani abu, ashe da Alƙur'ani ya kamata in riƙa zuwa hira wajensa. Na koma ciki na ce wa matata ta tattaro yara. Matarsa tana ta cewa ko loma ɗaya, ko loma ɗaya. Na ce mata azumin nafila nake, ƙarya, kowa ya ga na sha ruwa a bakin ƙofa. Sai da muka iso Manchester muka tsaya a ƙofar gida matata ta ce, "Shi ne ko?" Na ce shi ne.

Ranar Talata na je atisaye da sanda. Koci ya tara mu a tsakiyar fili ya ce yana son sanin yadda aka yi. Ba wanda ya kalle ni, wannan ya fi kallon ciwo. Na ce, "Ni ne. Ni na faɗa wa wani." Ban faɗi ko wane ne ba, har a lokacin bakina ya ƙi tona masa asiri a gaban Turawa, kuma na ji haushin kaina a kan haka. Koci ya gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya karɓi allon rubutu daga hannun Ba'amurken ya miƙo mini, ya miƙa masa ƙwallo. Ban sake fara wasa a matsayin kwatabak ba, a kakar nan ko wata.

Da aka watse, ƙaton nan mai gyaran famfo ya rako ni mota, ya riƙe mini jaka. Ya ce, "Mai horar da 'yan tsaronsu, mutuminka ne ko?" Na ce eh. Ya ce, "Kusa sosai?" Na ce ya fi ɗan'uwa.

Ya daɗe yana juya makullin motarsa a hannu. Sannan ya ce bayan wasan, wajen gaisawa, wanda suka yi ta karo da shi ya ce masa ya ba ni haƙuri game da ƙafata. Wai an gaya musu tun farkon mako cewa gwiwar hagun kwatabak ɗin tana da tsohon rauni, su bi ta nan. Ya ce, "Ni shekara huɗu ina tsaye a gabanka ban san kana da ciwon gwiwa ba. Koci ma na tabbata bai sani ba."

Bai sani ba. Na ɓoye wa kowa a kulob ɗin don kada a hana ni matsayin. A shekararmu ta biyu a Withington na zame a kan ƙanƙara a bakin shago, jijiyar ta yage. Mutum ɗaya ne ya goya ni a bayansa ya hau da ni bene hawa uku, ya yi mako shida yana kai ni banɗaki.

Ƙaton ya sa mini jakar a bayan mota, ya tambaya ko zan iya tuƙi da ƙafar. Na ce zan iya.